Daga Ina Mazhabobin Ilimin Halayyar Ɗan Adam Suka Samo Asali?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta kwalejin ilimi. A darasin saikoloji an jero mana mazhabobi kusan bakwai, kowace da jagoranta da shekararta, aka ce mu haddace. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in dai ilimi ne na kimiyya, me ya kawo mazhabobi a cikinsa? Ban taɓa jin mazhabobi a lissafi ba. Shin irin saɓanin Malikiyya da Shafi'iyya ne, ko kuwa wasu ne suka yi kuskure wasu suka zo suka gyara? Daga ina suka fito, kuma wacce ake bi yanzu?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, idan na fahimce ki da kyau, abu uku kike nema: dalilin da ya sa fanni ɗaya ya rabu gida-gida, inda kowane gida ya tsiro, da kuma wanda ya rage a tsaye yau. Na daɗe ina koyar da wannan darasi ga ɗaliban koyon malanta, kuma na lura haddar sunaye da shekaru ba ta zama a kai, saboda an raba su da labarin da ya haife su.

Kwatancenki da mazhabobin fiƙihu yana da kyau, amma zai kai ki rabin hanya ne kawai. Imam Malik da Imam Shafi'i sun yi ittifaƙi a kan tushe, wato Alƙur'ani da Sunna, saɓaninsu ya zo ne wajen fahimtar nassi da ƙa'idojin fitar da hukunci. Su kuwa masana halayyar ɗan Adam na farko, tun daga tushe suka raba gari. Ba su yarda da juna ba a kan abin da fannin zai nazarta, ko hankali ne, ko aikin da ido ke gani, ko abin da ya ɓuya a zuciya, kuma ba su yarda da juna ba a kan abin da za a karɓa a matsayin hujja. Abin da nake so ki riƙe shi ne, kowace mazhaba an haife ta ne a wani ɗakin aiki na daban, a hannun mutumin da wata matsala ta daban ta sha wa kai. Wanda ya wuni yana auna saurin jijiya a jami'ar Jamus, da likitan da ya wuni yana sauraren masu larura a Vienna, da wanda ya wuni yana kallon ɓera a cikin akwati a Amurka, da wuya su ba ki amsa ɗaya idan kika tambaye su mene ne mutum.

Kafin a samu ɗakin gwaji

Tambayoyin kansu tsofaffi ne. Aristotal ya rubuta littafi sukutum a kan rai tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A duniyar Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi, da yadda ake magance su ta hanyar gyara tunani. Ibn Sina ya yi dogon bincike a kan ƙarfafan rai, Imam Ghazali kuma ya ware babi a cikin Ihya a kan abubuwan al'ajabi na zuciya. A Turai, John Locke ya ce a 1690 hankalin jariri kamar farar takarda yake, abin da ya gani ya ji shi ke rubutu a kai, yayin da wasu suka tsaya a kan cewa da wasu abubuwa ake haihuwar mutum. Wannan gardama ta halitta da tarbiyya ba ta mutu ba, za ki sake cin karo da ita a kusan kowace mazhaba.

Duk waɗannan da tunani da lura suka yi aiki. Masanin falsafa Immanuel Kant ma ya yanke hukunci a ƙarshen ƙarni na 18 cewa nazarin rai ba zai taɓa zama cikakkiyar kimiyya ba, domin abin da ke gudana a ciki ba ya shiga lissafi. Waɗanda suka ƙaryata shi masana aikin gaɓoɓin jiki ne a jami'o'in Jamus. Wajen 1850 Hermann von Helmholtz ya auna saurin saƙo a jijiyar kwaɗo, ya samu kimanin mita 30 a daƙiƙa guda, alhali kafin nan ana zaton saurin ya wuce a auna shi. Ernst Weber ya gano cewa mutumin da ke ɗaga kaya ba ya jin an ƙara masa nauyi sai ƙarin ya kai kusan kashi ɗaya cikin arba'in na abin da yake ɗauke da shi. Shi ya sa za ki ji bambanci idan aka ƙara miki cokalin sukari a ɗan ƙulli, amma ɗan dako da ke ɗauke da buhu ba zai san an ƙara ba. Gustav Fechner ya mayar da wannan lissafi a littafinsa na 1860. Daga nan ƙofa ta buɗe: ashe abin da mutum ke ji a ransa yana bin ƙa'idar da za a iya rubutawa da lamba.

Leipzig, da tarkon duban ciki

Wilhelm Wundt, wanda ya yi wa Helmholtz aiki a matsayin mataimaki a Heidelberg, shi ne ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Leipzig a 1879, shekarar da littattafanku ke kira ranar haihuwar fannin. Aikinsa na yau da kullum ba shi da wani armashi: a kunna haske ko a buga ƙara, wanda ake gwadawa ya danna maɓalli, a auna lokacin da ya ɗauka, sannan ya faɗi abin da ya ji cikin gajerun kalmomi. Ɗalibai suka yi ta tururuwa daga ƙasashe, har ya duba digirin digirgir fiye da 180, suka koma gida suna buɗe nasu ɗakunan gwajin.

A nan littattafai da yawa suna yi wa Wundt ƙage. Mazhabar da ake kira ta tsarin ginin hankali, wadda ke son ta wargaza tunani zuwa ƙananan ɓangarori kamar yadda masanin sinadarai ke wargaza ruwa, aikin ɗalibinsa ne Edward Titchener, Baturen Ingila da ya koma Jami'ar Cornell ta Amurka a 1892. Wundt kansa yana ganin harshe da al'ada da addini sun fi ƙarfin ɗakin gwaji, shi ya sa ya ƙarar da shekaru ashirin na ƙarshen rayuwarsa, daga 1900 zuwa 1920, yana rubuta mujalladi goma a kan halayyar al'ummomi. Titchener kuwa ya dage a kan duban ciki, wato a horar da mutum ya leƙa ransa ya zayyana ɗanyen abin da yake ji, har ya lissafa nau'o'in ji fiye da dubu 44.

Akwai wani gwaji da nake yi a aji don ɗalibai su ga inda gizo yake saƙar. Nakan raba goro, in ce kowa ya tauna ya faɗi abin da ya ji, amma an hana shi cewa "ɗanɗanon goro", domin a ƙa'idar Titchener ambaton sunan abin kuskure ne, ɗanyen ji ake so. Sai wannan ya ce ɗaci, wancan ya ce bauri, wata ta ce ita daga baya ta ji ɗan zaƙi a bayan harshe, wani ya rantse babu wani zaƙi. Sai in tambaye su wa zai yi alƙalanci. Aji yakan yi tsit, domin babu wanda zai iya shiga bakin wani. Abin da ya faru a Turai ke nan. Oswald Külpe da mutanensa a Würzburg suka ce sun gano tunanin da ba ya tare da wani hoto a zuci, ɓangaren Titchener suka ce ƙarya ne, ba a horar da masu duban da kyau ba ne. Aka rasa ma'aunin raba gardama. Da Titchener ya rasu a 1927, mazhabarsa ta bi shi.

Amurka ta tambayi amfani

William James na Jami'ar Harvard ya shafe shekaru goma sha biyu yana rubuta babban littafinsa da ya fito a 1890. A wurinsa tunani kamar kogi yake, yana gudana ba ya tsayawa, wanda ya ɗebo shi a bokiti don ya duba ya riga ya rasa kogin. Littafin Charles Darwin na 1859 ya yi tasiri ƙwarai a kansa da abokansa, sai suka sauya tambayar daga "da me aka gina hankali" zuwa "wane aiki hankali ke yi wa mai shi wajen rayuwa". Wannan ita ce mazhabar aiki ko amfani, wadda John Dewey da James Angell suka raina a Jami'ar Chicago.

Yanayin ƙasar ya taimaka. Amurka ta lokacin cike take da baƙin haure, da masana'antu, da makarantun da aka tilasta wa yara shiga, don haka ana neman ilimin da zai taimaki malamin aji da mai ɗaukar ma'aikata. Gwajin basira da Alfred Binet da Théodore Simon suka ƙirƙira a Faransa a 1905 don gano yaran da ke buƙatar taimako na musamman, da ya ƙetara teku sai ya zama babbar sana'a, har sojojin Amurka suka gwada sama da mutum miliyan ɗaya da rabi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wannan mazhaba ba a kayar da ita ba, narkewa ta yi ta shiga ko'ina, kuma darasin saikolojin koyarwa da kike ɗauka yanzu jikanta ne.

Daga cikinta aka samu ɗan tawaye. John B. Watson ya yi digirinsa a Chicago a kan ɓeraye, kuma ɓera ba a tambayarsa abin da yake ji. A 1913 ya fito ya ce a bar maganar hankali gaba ɗaya, a nazarci abin da ido ke gani kuma ake iya aunawa: me ya taɓa halitta, me ta yi. Wannan ita ce mazhabar ɗabi'ar zahiri. Ya samu abin dogaro a wurare biyu. A Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya ci kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci, ya lura karnukansa suna zubar da miyau tun kafin abinci ya iso, da jin motsin mai kawo shi kawai, sai ya nuna ana iya ɗaura wannan martani a kan kowace alama idan aka riƙa haɗa ta da abinci. A Amurka kuma Edward Thorndike ya nuna a 1898 cewa kyanwar da aka kulle a akwati tana koyon buɗe ƙofa a hankali, domin abin da ya jawo daɗi ana maimaita shi. A 1920 Watson da Rosalie Rayner suka sa wa wani jariri da ake kira Albert tsoron farin ɓera ta hanyar buga ƙarfe da guduma a bayansa duk lokacin da ya kai hannu, gwajin da yau babu kwamitin ɗa'a da zai amince da shi. A shekarar ne Watson ya bar jami'a ya koma harkar tallace-tallace. B. F. Skinner ya ɗauki tutar daga 1938, ya nuna dalla-dalla yadda lada da tsarin bayar da shi ke sassaƙa ɗabi'a. Duk malamin da ya taɓa sa aji ya tafa wa yaro don ya amsa daidai, a gonar Skinner yake noma, ko ya sani ko bai sani ba.

Ɗakin likita a Vienna

Mazhabar Sigmund Freud ba ta fito daga ɗakin gwaji ba sam, kuma wannan shi ne mabuɗin fahimtarta. Freud likitan jijiyoyi ne da ya so zama mai bincike, rashin kuɗi da son yin aure suka tura shi buɗe ɗakin duba marasa lafiya a 1886. Kafin nan ya je Paris wurin Jean-Martin Charcot, ya ga masu shanyewar hannu ko ƙafa waɗanda jijiyoyinsu lafiya lau suke, kuma ana iya kawo alamun ko a ɗauke su ta hanyar sa mutum cikin wani irin barcin sarrafawa. Abokinsa Josef Breuer ya ba shi labarin wata mara lafiya da suka sakaya da suna Anna O., wadda alamunta ke sauƙi idan ta yi magana a kan abin da ya faru lokacin da suka fara. Suka wallafa littafi tare a 1895. Daga irin waɗannan mutane Freud ya gina ra'ayinsa cewa akwai wani sashe na rai da mai shi bai san da shi ba, inda ake danne sha'awa da tsoro da raunukan yarinta, su kuma su riƙa ɓullowa ta mafarki da suɓul da baka da ciwon da ba a ga dalilinsa ba. Littafinsa na fassarar mafarki yana ɗauke da shekarar 1900.

Ɗalibaina sukan yi saurin cewa kashi ukun da Freud ya yi wa rai a 1923, wato sashen sha'awa, da sashen da ke zargin mutum, da sashen da ke sasanta su, daidai suke da nafsul ammara da lawwama da muɗma'inna. Nakan ja musu kunne. Akwai ɗan kama tsakanin sashen sha'awa da ammara, da tsakanin sashen da ke zargin mutum da lawwama, amma ginin ya sha bamban, domin Freud bai yi imani da Allah ba, ya ma rubuta littafi a 1927 yana kiran addini ruɗi, kuma babu gurbin natsuwar da ake samu ta ambaton Allah a tsarinsa.

A cikin mazhabobin nan, wannan ce ta fi kama da ɗariƙa mai shehi da muridai, kuma ta fi kowace yawan ɓallewa. Alfred Adler ya fita a 1911, Carl Jung ya bi bayansa wajen 1913, dukansu suna ganin Freud ya cika ɗora komai a kan sha'awar jima'i. Babban rauninta shi ne wahalar gwadawa: idan mara lafiya ya yarda da fassarar likita, an ce ta tabbata, idan ya musa, an ce dannewa ce ta sa ya musa. Masanin falsafa Karl Popper ya soke ta a kan haka. A ganina yawancin bayanan Freud na dalla-dalla ba su tsira ba, amma abu biyu sun tsira: cewa mutum yakan aikata abu bisa dalilin da shi kansa bai sani ba, da kuma cewa zama a saurari mai damuwa magani ne. Binciken John Bowlby a kan shaƙuwar jariri da mahaifiyarsa, wanda ake koyarwa har yau, daga wannan gida ya fito. Freud ya gudu daga Vienna a 1938 bayan 'yan Nazi sun mamaye Ostiriya, ya rasu a Landan a 1939.

Gestalt

Wannan kalmar Jamusanci ce da ke nufin siffa ko tsari a dunƙule. A 1912 Max Wertheimer ya wallafa bincikensa na Frankfurt, inda Wolfgang Köhler da Kurt Koffka suka zama waɗanda aka gwada. Idan aka kunna fitila biyu ɗaya bayan ɗaya da ɗan tazara ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, mutum zai ga haske ɗaya yana tafiya daga nan zuwa can, alhali babu abin da ya motsa. Fitilun ado da ke "gudu" a jikin allon shago da daddare, wannan ne sirrinsu. Hujjarsu ita ce, motsin da aka gani ba ya cikin fitila ta farko, ba ya cikin ta biyu, saboda haka wanda ya wargaza gani zuwa ɓangarori irin na Titchener zai rasa shi. Haka waƙa take: ko namiji mai kaurin murya ya rera ta ko yarinya mai siririyar murya, kina gane ta nan take, duk da cewa babu sauti ɗaya da ya zo daidai, tsarin ne ya zauna. Köhler ya zauna a tsibirin Tenerife daga 1913 zuwa 1920 yana nazarin birai, ya ga ɗaya mai suna Sultan ya haɗa sanda biyu ya jawo ayaba bayan ya yi shiru kamar mai nazari, abin da bai yi kama da laluben kyanwar Thorndike ba.

Siyasa ce ta karya wannan mazhaba. Wertheimer ya bar Jamus a 1933, Köhler a 1935, suka tarar da Amurka a hannun mabiya Watson, kuma suka samu gurabe a wuraren da ba sa yaye ɗaliban digirin digirgir da yawa. Ki lura da shekarun nan da kyau: Freud 1900, Wertheimer 1912, Watson 1913. Mazhabobin ba su gaji juna kamar sarakuna ba, zamani ɗaya suka yi, kowace tana sukar Wundt da Titchener ta nata ɓangaren.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Zuwa shekarun 1950, jami'o'in Amurka suna hannun masu ɗabi'ar zahiri, asibitocin ƙwaƙwalwa suna hannun mabiya Freud. Abraham Maslow, wanda shi kansa da nazarin birai ya fara, da Carl Rogers, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana aiki da yara masu matsala a birnin Rochester na Amurka, suka ce ɗaya ta mayar da mutum ɓera, ɗaya ta mayar da shi mara lafiya, ina lafiyayyen mutum mai zaɓi da buri? Suka kira tafiyarsu ƙarfi na uku, wato mazhabar mutuntaka. Maslow ya fitar da jerin buƙatunsa a 1943, kodayake hoton dalar da ake zana muku a allo ba shi ya zana ba, wasu ne suka ƙirƙira daga baya. Tasirin Rogers ya fi zurfi, domin kusan duk wanda aka horar a fannin ba da shawara yau, da salon sauraronsa ake fara masa.

Ɗayar tafiyar kuwa yaƙi da kwamfuta ne suka haife ta. A lokacin yaƙi an ga ƙwararrun matuƙa jirgi da masu kallon na'urar hango jirage suna kuskure duk da horo, dole aka koma maganar mayar da hankali da iyakar abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa. Sannan ga kwamfuta, na'urar da ke karɓar bayani ta ajiye ta sarrafa, kuma babu wanda zai ce abin da ke gudana a cikinta tatsuniya ce. A 1956 George Miller ya nuna mutum yana riƙe abu kusan bakwai a lokaci guda. A 1959 masanin harshe Noam Chomsky ya yi kaca-kaca da bayanin Skinner a kan koyon harshe, yana mai cewa yaro yana ƙirƙirar jimlolin da bai taɓa ji ba, balle a ba shi lada a kansu. Duk wadda ta ji ɗan shekara uku ya yi wa kalma jam'in da babu shi a Hausa, amma bisa ƙa'idar wasu kalmomin, ta ga hujjar da idonta. Ulric Neisser ya raɗa wa tafiyar suna da littafinsa na 1967, ita ce mazhabar sarrafa tunani. Hankali ya dawo, amma wannan karon ba a dogara da duban ciki ba, ana gano shi ne daga saurin amsa da irin kuskuren da mutum ke yi.

Wacce ake bi yanzu

A bincike, mazhabar sarrafa tunani tare da nazarin ƙwaƙwalwa su ne suka fi rinjaye, amma da wuya ki samu masani yau da zai ce shi ɗan mazhaba kaza ne kaɗai. A wajen magani ma sun cakuɗe. Aaron Beck, wanda aka horar a tsarin Freud, ya shiga binciken mafarkan masu ciwon damuwa don ya tabbatar da cewa fushi ne da aka juya ciki, sai ya tarar da jigon asara da ganin kai a matsayin kasasshe. Daga nan ya gina hanyar gyara tunani, aka haɗa ta da dabarun masu ɗabi'ar zahiri, ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi samun goyon bayan bincike.

Na taɓa samun wani ɗalibi da lokacin koyarwar gwaji ya gabato, amma da zarar ya riƙe alli a gaban aji sai murya ta ɗauke, gumi ya karyo masa. Zaman farko ban ce komai ba, sauraro kawai na yi, wannan darasin Rogers ne. A cikin hira ya ambaci wani malaminsa na firamare da ya taɓa tsayar da shi gaban allo ya zane shi ana dariya, abin da mabiyin Freud da mabiyin Pavlov duk za su yi sha'awa, kowa da fassararsa. Na tambaye shi abin da ke zuwa masa a rai idan ya tsaya, ya ce gani yake kowa ya gano bai iya komai ba, muka zauna muka auna wannan zato da sakamakon jarrabawarsa, irin aikin Beck. Sannan muka jera matakai: ya koyar da ni ni kaɗai minti biyar, sai abokai uku, sai goma, sai ajin firamare. Ya yi koyarwar gwajinsa, da ɗan rawar murya a ranar farko. Ban iya cewa ga matakin da ya yi aikin ba, kuma misali ɗaya ba hujja ba ce a kimiyya.

Ya kamata in faɗa miki iyakar wannan amsa. Ni malamin saikolojin koyarwa ne, ba likitan ƙwaƙwalwa ba, kuma duk larurar da ta kai ga rashin barci mai tsawo ko tunanin cutar da kai, asibiti ya kamata a nufa. Sannan shi kansa jerin mazhabobin sauƙaƙawa ce ta littattafan koyarwa, al'adar da ta kafu tun littafin Robert Woodworth na 1931 da na Edna Heidbreder na 1933, kuma Woodworth ɗin ya ce yawancin masana na zamaninsa a tsakiyar hanya suke. Jerin ya bar manya irin su Jean Piaget na Suwizalan da Lev Vygotsky na Rasha, waɗanda za ki fi buƙata a aji.

Akwai kuma iyakar fannin kansa. Wani bita da Jeffrey Arnett ya yi a 2008 ya nuna kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka gwada a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na al'ummar duniya ba. Irin wannan giɓi ne tun da daɗewa ya sa likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, inda mara lafiya ke zama cikin gari tare da ɗan uwansa yana karɓar magani, kuma shi ya sa Malik Badri na Sudan ya rubuta littafinsa na 1979 a kan tsaka-mai-wuyar masana halayya Musulmi. Badri ya fassara sashen rai na littafin al-Balkhi zuwa Turanci a 2013. Idan kika same shi, ki fara da babin baƙin ciki, inda al-Balkhi ya raba wanda ke da sanannen dalili kamar rashin masoyi ko dukiya da wanda ke sauka ba tare da dalili ba, ya ce na biyun daga jiki yake, sannan ki ajiye shi kusa da bayanin Beck ki karanta su tare.